Garin Burodin da Nake Soyawa da Kunne

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa jaririyarki ƙwari, ya raba ku da ciwo. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, matata kuma ta ce har yanzu tana jiran hoton da kika yi mata alkawari.

Auta, abin da na kasa faɗa wa kowa zan faɗa miki. Kin san shekara goma sha tara nake kuku a gidan abincin nan, kuma ba don komai mutane ke cika mana teburi ba sai don garin burodin da nake barbaɗawa a kan taliya da gasasshen kifi, wanda kike satar ci da cokali in kin zo. Burodin jiya nake gogewa, in zuba a kasko da man shanu, in yi ta juyawa. Sai ya fara ja nake sa daƙaƙƙiyar tafarnuwa da gishiri, in sauke nan take. Ƙiftawar ido ce tsakanin garas-garas mai daɗi da ɗaci.

To idon ne ya tafi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Shekara guda ke nan ban ga launin abin da ke cikin kaskona ba, amma ba wanda ya gane, domin da kunne nake soyawa. Man yakan yi ta ƙara cuuu, sannan ya yi shiru, sai garin ya koma ƙara kamar yashi a ƙarƙashin ludayi. Da na ji haka na san lokacin tafarnuwa ya yi. Har alfahari nake a raina.

Watan jiya mai gidan abincin ya kafa mana wata ƙatuwar fankar zuƙe hayaƙi a saman murhu, wai don lafiyarmu. Ruri take kamar babbar mota, ba na jin komai. Sau huɗu na ƙona a mako guda, aka yi ta dawo da faranti. Na roƙe shi ya riƙa kashe ta, na yi ƙaryar ciwon kai take sa ni, ya ce doka ce. Shekaranjiya ya ajiye kwano biyu a gabana, ya ce in nuna masa wanda ya ƙone, ba taɓawa ba shinshinawa. Na nuna na dama, ashe na hagu ne. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Kafaɗata ya dafa, ya ce in huta daga ƙarshen wata.

Ban san wata sana'a ba, Auta, kuma wa zai ɗauki kuku mai lalube? Tsoro nake ji, wallahi. Matata har yau wanke mini farar rigar aiki take tana gogewa, na kasa buɗe baki.

Ki gaida maigidanki, da Goggo, da 'yan biyu. Ki yi haƙuri da manyan haruffan nan, da lalube na rubuta. In za ki ba ni amsa kada ki rubuto, domin sai na nemi mai karanta mini, kuma a gidan nan ba wanda ya sani.

Naki,
Yaya Babba