Ku Ba Mu Mutuwar Lawali

Zuwa ga Shugaban Kamfanin da ya kawo aikin tantance bidiyo Talata Mafara.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, da kuma iyayen gidanka na ƙetare waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Mu nan Mafara sai godiya. Benen da kuka bari, wani mai sayar da taki ya kama shi haya.

Sunana Kabiru, asalina Gidan Goga ta ƙasar Maradun, karatu ne ya kawo ni Mafara na zauna. Ba za ka san ni da suna ba, domin a wurinku lamba ce ni. Na rubuto maka a asirce har na gaji, kullum amsa ɗaya na'ura ke mayar mini, wai an karɓi saƙona kuma ana daraja ni. Shi ya sa na fito fili, ko kunyar jama'a za ta yi abin da roƙo bai yi ba.

Saboda masu karatu da ba su san sana'ar ba, ga yadda take. Akwai wani ƙaton kamfani a ƙetare mai dandalin da duniya ke zuba hotuna da bidiyo. Ba ya so 'ya'yan ƙasarsa su zauna suna kallon ƙazanta, sai ya ba wani kwangilar kallon, wannan ya ba wani, har ta gangaro hannunka. Kai kuma ka nemo mu, masu jin Hausa da Fulatanci, masu takardar kammala karatu a ƙarƙashin katifa. Mukan ajiye waya a bakin ƙofa, mu zauna gaban kwamfuta. Bidiyo ya fito, agogo na gudu a gefen allo, kafin ya ƙare ka danna ɗaya cikin biyu: a bari ko a cire. Mun sa hannu cewa abin da muka gani ba zai fita daga ɗakin ba.

Na ɗaya. Ina tuna maka jawabinka na ranar buɗe cibiya. Ka ce kamfaninku kamar matafiyan dā yake, masu ratsa ƙasashe suna gano wuraren da duniya ba ta sani ba, kuma kun gano Zamfara. Mun tafa, ni ma na tafa, har hannuna ya yi zafi. To, ranka ya daɗe, gidanmu mun san matafiyan nan. Kakan mahaifina ya yi wa ɗayansu dako, shi ya nuna masa mashigin gulbi da damina. Baturen yana tafe yana tambayar sunan kowane gari, da inda rijiya take, da yawan dawakin sarki, yana rubutawa. Ba a jima ba wasu suka biyo ta wannan mashigin da bindiga da haraji. Su ne aka ce sun gano gulbin da matanmu ke wanki a ciki tun kafin a haifi kakanninsu. Kwatancinka daidai ne, ban ƙaryata ka ba. Mun nuna wa na'urarku yadda ake zagi da Hausa, da yadda ɗan bindiga ke barazana, da bambancin kukan biki da kukan mutuwa. Da ta iya, kuka naɗe tabarmarku, ragowar aikin kuka kai wata ƙasar da aka fi mu arha.

Amma akwai abu ɗaya da ake faɗa a gidanmu game da wancan Bature. A hanya zazzaɓi ya kashe wani ɗan dako mutumin Bakura. Baturen ya tsaya aka yi masa wanka da sallah aka rufe shi, ya sa aka mayar wa uwarsa da hularsa. Ba don yana ƙaunarsu ba, don dai yana so sauran su ci gaba da ɗaukar kaya. Duk da haka tsohuwar ta sami abin da za ta riƙe ta yi kuka.

Na biyu, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Ina da wa, Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne, yana ɗan taɓa cinikin albasa. A damina ta bara waccan 'yan bindiga suka tare shi tsakanin Maradun da Gidan Goga, suka shiga daji da shi. Sun kira mu, an yi ciniki, sai kiran ya ɗauke. Muka shiga jira irin wanda kowane gida a yankinmu ya sani.

Wata safiya ina kan kujerata a cibiyarku, bidiyo ya fito kamar sauran. Mutane ne a durƙushe gindin wata tsamiya, hannu a ɗaure. Na gefen dama yana sanye da rigar da ni na ɗinka masa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma ba a koya wa mutum gane ɗan'uwansa. Ya ɗago kai ya dubi mai ɗaukar hoton ya ce, "Ku gaya ma Inna ta yahe mani." Sai aka harbe shi. Na gani da idona, na ji da kunnena, ta abin sauraren da kuka ba ni.

Na miƙe na yi ihu. Kafin in dawo hayyacina agogonku ya ƙare, bidiyon ya tsallake zuwa wani ma'aikacin, aka ce mai yiwuwa a wata ƙasa, wanda ko Hausa ba ya ji. Shi ya danna a cire. Mai duba aikinmu ya ba ni ruwan leda, ya sa mini wata murya ta mace da aka naɗa, tana cewa in ja numfashi in sake shi a hankali. A ƙarshen mako aka nuna mini cewa na bar aiki ɗaya bai kammala ba. Na bi masu waya a Mafara da Bakura da Maradun, har masu tura finafinai a tasha, babu wanda bidiyon ya kai wa. Wannan karon kam kun yi aiki da kyau, na yaba muku.

Na uku. Kun ce kada in faɗa wa kowa, na faɗa, ku kai ni ƙara in kuna so. Na je gida na durƙusa gaban mahaifiyarmu na isar mata da saƙon ɗanta. Ta dube ni ta ce, "Kai kag ga hoto, ni ban ga gawa ba. Ɗana shina nan da rai. Mi kaka nema ga mutuwatai?" Tun daga ranar, in na gaishe ta sai ta juya ta kama wani aiki.

Ba ita kaɗai ba. Mutanen gari sun yi lissafinsu: Lawali ya bar gona mai kyau a bakin fadama, ya bar mata mai ƙuruciya, kuma mutum ɗaya tak ke cewa ya mutu, ƙanensa. Ba sai na ƙarasa maka abin da ake faɗa a majalisa ba. Ni da na ga an kashe ɗan'uwana, ni ne yanzu ake matsawa gefe a sahun masallaci.

Wadda abin ya fi ci ita ce matarsa, Shafa'atu. Kai da ka yi karatu a ƙetare wataƙila ka manta, bari in tuna maka. Macen da mijinta ya mutu tana shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ta fita, a raba gado, ta san matsayinta. Wadda mijinta ya ɓace ba ta da wannan. Mun je gaban alƙali, dattijo mai tausayi, ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Ba ni iya kashe mutum da bakinka kai ɗaya, yaro. Ka kawo abin da kag gani, mu ma mu gani, ko ka kawo wanda yag gani tare da kai." In babu haka sai ta jira shekara huɗu. Wanda ya gani tare da ni yana can wata ƙasa da ban san sunanta ba, shi ma lamba ne.

Ga Shafa'atu nan a ɗakinta da 'ya'ya biyu. In ta yi lalle a ce tana murna, in ta bar kwalliya surukarta ta ce tana yi wa ɗanta fatan mutuwa. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, babu wanda ya shigo ya ce mata Allah ya ji ƙansa. Masu damfara sun gane gidan, kowane ɗan lokaci wani ya kira ya ce Lawali na hannunsa, tsohuwa ta kwance akuya ta sayar. Rannan Shafa'atu ta tare ni a zaure, daga bayan ƙyaure ta ce, "Kabiru, na yarda da kai. Amma yardata ba ta kai ni ko'ina."

Na huɗu. Ga amsoshin da na samu, ban da ta na'ura. Ofishinka ya ce bidiyon ba naku ba ne, na wanda ya ba ku kwangila ne. Wancan ya ce shi ma ɗan aike ne. Babban kamfanin kuwa ba shi da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A ƙarshe wani ya rubuto mini cewa ba za a iya sakin bidiyon ba saboda kare mutuncin waɗanda ke ciki. Mutuncin Lawali kenan kuke karewa daga uwarsa. Ka san ba a goge shi ba, ni ma na sani, domin ku kuka koya mana cewa irinsa ake adanawa a horar da na'ura. Yayana yana can yana roƙon gafarar Inna a kunnen injinku, sau nawa a rana Allah kaɗai ya sani, ita kuwa ba ta ji ko sau ɗaya ba.

Saboda haka ga buƙatata, ba ta da yawa. Ba na neman aikina, ba na neman diyya, ba na so ku turo mini muryar matar nan. Ku aiko da bidiyon hannun alƙali, a rufe ƙofa, ya gani shi da dattawa biyu da suka san Lawali. A yanke ƙarshen bidiyon, a bar wa tsohuwa inda ɗanta ya yi mata magana. Daga nan ku mayar da kayanku. In buga waya ƙetare ya yi maka nauyi, ka faɗi sunan wanda ke sama da kai, ni zan iya rubutu har hannuna ya bushe.

Ina yi maka addu'a, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Allah ya ƙara maka kwangila, ya tsare ka a hanya, ya raya maka zuriya. In ajalinka ya zo, Allah ya sa ya same ka a kan gadonka, a gaban shaidu biyu, a wanke ka a ga fuskarka, mahaifiyarka ta yarda, matarka ta sami damar yin kuka a fili. Mu abin da muke roƙo a hannunka kenan.

Wassalam.

Kabiru, ƙanen Lawali,
Talata Mafara.