Kalmar da Aka Ja wa Layi a Takardar Ikrima

Daura, Talata.

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da mutanen Zango baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, na rubuto ne domin maganar ba ta waya ba ce. Yau kwana goma sha tara ban ji muryar baban Rukayya ba, alhali tun da ya shiga soja bai taɓa yin mako bai kira ni ba. Jiya da hantsi wasu mutum biyu daga barikinsu suka yi sallama, suka tambaye ni ko ya zo gida. Na ce rabona da shi tun Babbar Sallah. Suka bar mini takarda da Turanci, ga sunansa, Ikrima Sha'aban, ga lambarsa, sai wata kalma da aka ja wa layi: deserted.

Na tuna lokacin da kake koyar da mu, ka ce desert ita ce hamada. Sai na ce wa raina wataƙila can aka tura shi, inda waya ba ta kamawa. To amma idan su suka tura shi, me ya kawo su nemansa ɗakina? Ban gaya wa Hajiya Kubura ba, ka san mahaifiyarsa da hawan jini.

Ga takardar na haɗo. Don Allah ka faɗa mini gaskiyar abin da ta ce, kada ka sassauta.

'Yarka,
Amatullah.

Daura, Juma'a.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kun tashi lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta sau uku a tsaye.

Ashe rubutun ɗaya ne, faɗar ce ta bambanta. Ka ce idan aka danna farkon kalmar hamada ce, idan aka danna ƙarshenta kuwa guduwa ce, mutum ya tafi ya bar wanda ya dogara da shi: soja ya bar bakin aiki, miji ya bar iyali. Ka ce har garin da mutanensa suka watse da ita ake kiransa. Na gode da ba ka ɓoye mini cewa laifin babba ne a wurinsu ba.

Baba, tsorona yanzu biyu ne. Ko dai yana kwance a wani daji ba wanda ya gan shi, aka rubuta shi cikin waɗanda suka gudu, ko kuwa da gaske ya gudu, ya kuma bar ni da Rukayya ba ko sallama. Ɗazu a kan sallaya na ji bakina yana roƙon Allah ya sa gudun ya yi. Ban taɓa zaton zan yi wa mijina wannan addu'ar ba.

Maƙwabta sun ga zuwan mutanen nan, an fara shigowa gaishe ni ba dalili. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na fita na leƙa. Ku taya ni da addu'a.

'Yarka,
Amatullah.

Daura, Lahadi.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yana raye, Baba. Na gan shi da idona.

Amininsa Kabo, mai sayar da dabbobi, shi ya zo da safe ya ce in biyo shi kasuwar Mai'adua kada in tambayi komai. A wani ɗaki bayan kara, inda ake cinikin dabbobi, na same shi zaune a ƙasa. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Ko babur ya wuce sai ya dafe kai.

Ya ce an yi musu kwanton ɓauna, abokinsa Sadiq ya cika a kan cinyarsa. Washegari aka aike shi ɗebo ruwa, ya ajiye jarkar a bakin rafi ya ci gaba da tafiya, shi kansa bai san lokacin da ya yanke shawara ba. Ya ce yana so mu tsallaka Nijar yau, tunda iyaka ga ta nan, mu ɓace inda ba a san mu ba.

Na ce masa, "Ba zan raini Rukayya a ɓoye ba, kuma ba zan bar ka ka tafi kai kaɗai ba. Ka koma da ƙafarka tun kafin a zo a ɗauke ka."

Ya daɗe yana kuka. Daga baya ya ce zai miƙa kansa, amma sai in kai za ka raka shi, domin kai ne za ka iya yi musu bayanin halin da yake ciki da harshen da suke rubutu da shi. Ban san hukuncin da za su yanke masa ba.

Don Allah ka taso gobe da motar farko, ka fara biyowa ta wurin Hajiya, ni bakina ba zai iya gaya mata ba. Ya yi mini alkawari zai jira ka. Na yarda da shi, Baba, amma na taho da takalmansa a cikin jakata.

Ka gaida Inna.

'Yarka,
Amatullah.