Hoton Leah da Muka Ɓoye Maka

Rikoto, Zuru,
14 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga ƙanena Haggai,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Rachael da yara, da aikin bariki, da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Allah ya kiyaye ka duk inda aka tura ka. Mu nan mun gode Allah. Dawa ta yi kyau bana, gwiwata kuwa tana nan da halinta, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya taso. Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali yanzu kowa waya yake yi. To, maganar da ke bakina ba ta rumfar mai waya ba ce, inda mutum goma ke tsaye a bayanka suna jiran layi da kunnuwa a buɗe.

Sau uku kana aikowa a turo hoton jikarka Leah. Wanda muka aika, an naɗe ta da shawul har hanci, muka ce sanyi ne. Ka bugo kana dariya, ka ce ko yarinyar ba ta da baki ne. Na san wasa kake yi, tun kana ƙarami bakinka ba ya hutawa. Amma 'yarka Rebecca ta ajiye wayar, ta dawo gida, ranar ko ruwa ba ta sa a bakinta ba. Haggai, an haifi Leah da leɓen sama a tsage har cikin hanci, ganɗarta ma a buɗe take. Ba ta iya kama nono. In ta ja, sai ya biyo ta hanci, ta sarƙe, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Yau kwananta arba'in da uku, ba a fita da ita coci ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi. Sila, ɗan Rebecca na fari da ya rasu shekara biyu da suka wuce, mun gaya maka zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Haka aka haife shi shi ma. Ba mu san yadda ake yi ba, kunya kuma ta hana mu tambaya. Mata suka ce a yi ta matsa shi a ƙirji, in yunwa ta ishe shi zai koya. Muka ɓoye shi a ɗaki, yana ramewa muna kallo, har ya cika a hannuna yana da sati shida. Ni na ce kada a gaya maka. Wannan ƙaryar tawa ce, kada ka ɗora wa 'yarka.

Ka san yadda auren nan ya ƙullu. Ɗana Markus ya yi shekara huɗu yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar surukan da ya fara nema, saura uku ya ɗauki matarsa, babur ya kayar da shi a hanyar Ribah, ƙafar ta warke a karkace. Da suka ga ba zai iya gama kunya ɗaya tare da sa'o'insa ba, suka ba wani yarinyar, gumin shekara huɗu ya tafi a banza. Zuciyata ta ƙi ɗauka. Na tare ka lokacin da ka zo hutu, na ce ka ba shi Rebecca. Ka ce Markus ɗanka ne, ba zai riƙe maka fartanya ba ko ta yini ɗaya. Tsofaffi suka ce jinin ya yi kusa, ɗan 'ya mace da 'yar ɗa namiji, ciki ɗaya. Fasto ma ya ja ƙafa. Ni kuwa ka san bakina. Na ce ina suke sa'ad da aka wulaƙanta mini yaro, na yi ta faɗa har kowa ya yi shiru. A lokacin ina ganin na yi nasara.

Wannan karon ban saurari kowa ba, kwana biyu da haihuwar Leah muka tafi asibiti. Wata nas mai haƙuri ta koya mana a tatsi nonon a kofi, a zaunar da yarinyar a miƙe, a riƙa ba ta da ƙaramin cokali ta gefen baki, kaɗan kaɗan. Likita ya tambaya ko iyayen 'yan'uwa ne. Markus ya sunkuyar da kai, ni na amsa. Na ce ya gaya mini gaskiya, ko ni na jawo. Ya ce auren jini kusa yana iya ƙara yiwuwar irin wannan, amma ana haifar su ko a gidan da ba a haɗa komai ba, don haka ba zai iya rantsuwa ba. Da alama yana so ya sanyaya mini rai ne, amma bai sanyaya ba. Ya ce ana ɗinke leɓen a babban asibiti a Sakkwato, ganɗar kuma sai ta ƙara girma. Sai dai ba za su taɓa ta ba sai ta kai kilo biyar. Jiya da aka ɗora ta a sikeli, uku ne da ɗan abu, kamar yadda take sati biyu da suka wuce.

Nan ne inda nake neman ka. Nonon Rebecca yana ƙafewa, don ba ta ci. Na dama mata kunu, na yi miyar da take so, 'yan zumuntar mata sun zo sun yi addu'a, sai ta ɗanɗana ta ture. Gari kuma ba ya rasa masu magana. Wata ta ce ta ci zomo da ciki, wata ta ce ta yi wa wani mai lalura dariya. Na kori biyu daga ƙofar gidana, ta ukun ma tana hanya. Amma ba maganarsu ke cin ta ba. Shekaranjiya muna tatsa, ta ce mini Babanta ya ba da ita kyauta, ba golmo ba komai, don ya fitar da 'yar'uwarsa kunya, ita kuma abin da ta saka masa da shi ke nan. Ta ce gara ka yi ta zaton yarinyar lafiyayya ce da ka gan ta ka kau da kai. Na ce ba ta san ubanta ba. Ta ce in na tabbata, me ya sa ni ma na ɓoye maka Sila.

Ba wani kaya nake roƙo ba. Ka nemi hutu ko na kwana uku ne, ka zo ka ɗauki yarinyar nan a gaban uwarta, fuska a buɗe, ka shiga da ita coci da hannunka. Maganata ba ta da sauran daraja a wurin Rebecca, ni na ƙulla auren, ni na koya mata ɓoyo. Taka kaɗai take jira. In kana da faɗa, ni za ka yi wa, zan zauna in ji, karo na farko tun da aka haife ka. Na riga na binne jika ɗaya da cokali a rataye a ɗakina ban san amfaninsa ba, ba zan iya binne ta biyu ba.

Ka gaida Rachael, ka karanta mata takardar nan duka, kada ka tsallake inda na yi laifi. A gaida Philip da karatu, da Dominic, da duk mutanen Zuru da ke bariki. Markus yana gaishe ka, kunyarka ta hana shi rubutu. Rebecca ba ta san na rubuta ba.

Hoton yana cikin ambulan, na sa mai hoto ya ɗauka ba shawul. Sunan mahaifiyarmu muka ba ta, kakar ubanta kuma kakar uwarta. Ka fara duban idanun, irin na Inna ne sak. Sa'an nan ka dubi bakin, ka daɗe kana dubawa har idonka ya saba, don ranar da za ka shigo gidan nan Rebecca fuskarka za ta kalla.

Ni ce yayarka,
Keziah.