Haya a Gidan Baba Direba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce mata mun iso lafiya.

Yaya, na samu gida. Kada ki tambaye ni namu na da. Na je na gani, babu komai sai tarin bulo da ƙofar banɗaki a tsaye ita kaɗai. Ummi ce ma ta gane wurin, ni ban gane ba. Ban yi kuka ba sai da muka koma tasha.

Wani dillali da ake ce wa Dogo ya kai ni wani layi a bayan tsohuwar kasuwa. Layin rabi da mutane, rabi kango. Gidan ɗaki biyu ne da falo, sai ɗan tsakar gida. Rufin falon ya tafi, kina zaune kina kallon sama, bangon waje kuma duk ramukan harsashi. Amma ɗakunan lafiyarsu lau, ƙofa tana kulluwa. Dogo ya ce masu gidan sun mutu a hanyar gudu, danginsu suka ba shi amanar sa haya. Na sayar da 'yan kunnena da awarwaro na ba shi na shekara.

Akwai kafinta a layin, mutumin kirki, shi ya buga mana kwano. Ni da yarana, Ummi da Ƙarama, muka cike ramukan da siminti, muka wanke baƙin hayaƙi har hannunmu ya yi kanta. Na kafa keken ɗinki a bakin taga. Kin san aikin da ake kawo min? Rage kaya. Kowa ya dawo a rame, babu mai ɗinka sabo, sai dai a matse tsoho. Wuta ba ta dawo ba, layin waya ma haka, shi ya sa zan riƙa ba direban mota takarda. Ruwa kuwa sai famfon ƙarshen layi.

Yara sun shiga makaranta. Da Baban Ummi yana raye da ya yi dariyar fentin da na zaɓa, amma shi na samu.

Ki gaida kowa da kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, sai mita. Kullum sai ta ce an ɗauke mata jikoki.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a tsaye don haushi. Wane ne Dogo? Ɗan gidan wa? Kin ga dangin da ido? Ke tun kina ƙarama haka kike, duk wanda ya yi miki magana da taushi sai ki miƙa masa wuya. Mutum ya ce miki masu gida sun mutu, ke kuma kin ɗauki siminti kina gyara wa matattu bango!

Nan me aka yi miki? Na san ɗakin ya yi mana kaɗan, na san maigida yana da baki, amma ba wanda ya kore ki. Tunda kin riga kin biya, Allah Ya sa alheri. Ki dai riƙa kulle ƙofa, kuma kada ki bar yaran nan suna shiga kango, ba a san abin da aka bari a ciki ba.

Ga zare da allurai na ba direba. Baƙin zaren ba mai kyau ba ne, ki yi haƙuri da shi.

Ki shafa min kan yara.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga zare, na gode. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma don Allah kada ki ce kin faɗa.

Ranar nan da safe ina ɗinki sai na ji ana taɓa kwaɗon ƙofar waje. Na leƙa, na ga wani tsoho da jaka a kafaɗa, yana ta ƙoƙarin zura makulli a kwaɗon da na sayo. Na ce, “Baba, lafiya? Wa kake nema?”

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, “'Yata, ko na yi ɓatan kai ne? Nan ba shi ne gida na uku daga famfo ba?”

Na ce shi ne. Ya ce, “To gidana ne.”

Kafin in yi magana kafinta ya fito daga shago da gudu, ya rungume shi yana cewa, “Baba Direba! Ashe kana raye?” Shi ma ya ɗauka ya mutu, kowa a layin haka ya ji. Matarsa ce ta rasu a hanya, shi ya kai bakin iyaka, ya yi ta jinya a sansanin 'yan gudun hijira.

Aka aika neman Dogo. Shagonsa a kulle, an ce ya bar gari. Ashe ba ni kaɗai ya yi wa ba, har gidajen da babu rufi ya sa haya.

Na tsaya ina jiran tsohon ya yi faɗa. Ruwa kawai ya roƙa. Da ya sha ya ce, “Ki ba ni izini in leƙa ɗakin dama.” Izini, a gidansa! Ya shiga, ya daɗe a tsaye. Nan ne ɗakin matarsa, yanzu yara ke kwana ciki. Da ya fito ya ce, “Kin gyara shi da kyau. Ita ma tana son tsafta da fenti.” Ya ɗauki jakarsa.

Na ce, “Baba, ina za ka? Mu ne za mu fita.”

Ya ce, “Da yara mata biyu? Ku fita ku je ina? Ni tasha gidana ce, a can na tsufa. Ki zauna tukuna, zan aika wa ɗana, mu ji.”

Yanzu a kan bencin tasha yake kwana. Ina aika masa abinci, wani lokaci ya ci, wani lokaci ya ba 'yan dako. Na roƙe shi ya dawo falo, ya ce ba zai takura wa mace da 'ya'yanta ba. Ni kuwa ko na kwanta, gani nake kamar katifar ma ta sata ce.

Ki taya ni da addu'a. Kada ki gaya wa Inna.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, ba zan ce na faɗa ba, amma kin san na faɗa.

Yanzu ki saurare ni. Tsohon nan shi ne rufin asirinki. Ki ƙara masa nama a miya, ki wanke masa kaya, ki sa yara su riƙa ce masa Kaka. In ya saba da ku, ɗan ko ya zo ba zai iya ɗaga ku ba. Kada ki ce min rashin kyautawa ne. Duniya ce, kuma ba ke kika jefa bom ba.

In abin ya ƙi, ki tattaro ki dawo. Na riga na gaya wa maigida, ya yi gunaguninsa ya gama. Inna kuma ta sani, ita ta karɓi takardar a hannun direba ta sa aka karanta mata. Ta ce a gaida tsohon.

Yayarki

*

Zuwa ga baiwar Allah da ke zaune a gidan mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne ɗan mai gidan da kike ciki. Ina aiki a wata ƙasa tun kafin yaƙi.

Na samu labarin abin da dillali ya yi miki, kuma na jajanta. Sai dai iyalinmu ba su ba kowa izinin sa haya ba. Na yanke shawarar sayar da gidan, in ɗauko mahaifina ya dawo wurina, inda akwai asibiti da masu kula da shi. Na riga na yi magana da wani mai sayen gidaje a unguwar, zai zo ya auna.

Saboda haka ina roƙon ki nemi wani wuri kafin ƙarshen watan gobe. Abin da kika kashe a gyara za a duba shi da adalci. Mahaifina ya sanar da ni yana zaune lafiya a gidan wani abokinsa, don haka ba sai kin damu da shi ba. Ina fatan za mu rabu cikin mutunci.

Wassalam.
Ɗan mai gida

*

Zuwa ga Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka ta'aziyyar Mama. Allah Ya jiƙanta.

Takardarka ta iso. Gida naku ne, ba ni da ja, kuma na fara neman ɗaki. Amma akwai abin da ya kamata ka sani, ko da Baba zai yi fushi da ni.

Babu wani aboki. A bencin tasha Baba yake kwana tun dawowarsa. Da ruwan sama ya sauka zazzaɓi ya kama shi, wani ɗan kamasho ya zo ya gaya mana ba ya iya tashi. Ni da kafintan layinmu muka ɗauko shi a kura. Yana ta cewa a mai da shi, ba mu saurare shi ba. Likita ya ce ƙirjinsa ne, ga hawan jini. Yanzu yana falo, kafinta ya haɗa masa gado. Ya fara cin abinci, ya fara faɗa, ka san alamar sauƙi ke nan. Jiya ma cewa ya yi ina taka keken ɗinki kamar sabon direba a gangara.

Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye maka. Ya ce, “In ya ji, zuwa zai yi ya naɗe ni kamar kaya.”

Mai sayen gidan ya zo. Yana aune-aune yana gaya wa yaransa inda za a fara rushewa. Baba yana zaune a ƙofa yana kallonsu, ranar ko shayi bai sha ba. Da yamma ya ce min, “Na bar matata a bakin hanya, ko alama ban iya sa wa kabarin ba. Gidanta ma in bari?”

Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina da buƙata, mijina ya rasu a yaƙin nan, kuma in aka ce in zauna zan yi murna. Yayata ma ta ce in kyautata wa Baba don a bar ni. Na yi ta tunani ko don haka nake yi, wallahi na kasa rabe tausayi da buƙata. Don haka kada ka dubi maganata a kan kaina. Ka kore ni in ka ga dama, ka sa wani ya kula da shi. Amma kada ka sayar kafin ka zo ka zauna da mahaifinka, ka ji daga bakinsa.

Maganinsa ya kusa ƙarewa, na rubuta sunansa a bayan takardar nan, nan wahalar samu yake yi.

Ka huta lafiya.
Mai haya

*

Yaya,

Gaisuwa gare ki da Inna. A gurguje nake rubutu, mota za ta tashi.

Ɗan Baba bai amsa takardar da na rubuta masa ba, sai na kama wani ɗaki a bayan makaranta, babu taga amma da ƙofa. Na ɗaure kaya, na kira mai kura. Ina ciki ina naɗe labule na ji Baba a waje yana sallamarsa. Na fito na ce, “Baba, me ya faru?”

Ya ce, “Wa ya ce ki tashi? Ni ne mai gidan ko yaron da na yi wa wanka?”

Na ce ba na son in shiga tsakaninsa da ɗansa. Ya ce, “Kin shiga tun ranar da kika ɗora ni a kura kamar buhun gawayi. Ummi, ɗauko biro!”

Ya zaunar da ita ya riƙa faɗa tana rubutawa, da ƙarfi, har kafinta yana ji daga shago. Ya ce a gaya wa yaron in zai sayar ya sayar har da shi a ciki, mai saye ya rushe a kansa. Ummi ta ce, “Kaka, in rubuta haka?” Ya ce, “Ki ja layi a ƙarƙashi.” Kuma ba ni na ce ta kira shi Kaka ba, kada ki yi murna.

Kayana suna nan a ɗaure, ban kwance ba, ban fita ba. Muna jira.

Auta

*

'Yar'uwa,

Assalamu alaikum. Na samu taki, na samu ta Baba. Taki na kasa amsawa, kunya ta hana ni.

Na sallami mai saye. Ki kwance kayanki. Maganar haya tsakaninki da Baba ce, ni ba ni da baki a ciki. Ga magani na aiko, a ba shi bayan ya ci abinci, ko ya ce ya ƙoshi.

Na nemi hutu, ina tafe. Rabona da Baba tun kafin yaƙi, ban san da wace fuska zan shigo ba. Idan akwai inda zan shimfiɗa tabarma kusa da gadonsa, ina roƙon ki ba ni wuri.

Ki gaida Ummi, rubutunta yana da kyau.

Ɗan'uwanki