Irin Geron Baba

Ƙofar Durɓi, Katsina
3 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Hajo da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, in ban da Baba.

Ranar da soja suka miƙa mulki, kowa na manne da rediyo, aka yi ruwan shuka. Washegari Baba ya saɓa sungumi, ya ɗauki ƙwaryar iri, ya nufi gandu kamar ya manta an sayar. Ya tarar an zagaye da waya, maigadin kamfanin da ya sayi gonar ya tare shi. Gambar da ta raba gonarmu da ta su Ɗanjuma babu ita, gawon nan ma tarakta ta tumɓuke. Baba ya ce ya leƙa gabas ya leƙa yamma, ya kasa gane inda gonar ubansa take.

Kai ka matsa a sayar, wai babbar gona za ta ciyar da gari duka. Wataƙila. Amma ni ke kallon tsohon nan zaune a zaure da iri a cinya. Geron nan tun zamanin kakanmu ake ware zangarkunsa kowace kaka, kuma Baba ya ce in bai shiga ƙasa bana ba, ba tabbas ya tsiro baɗi. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Lailatu

26 ga Satumba, 1999

Yaya Lawal,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyauta namu zuwan.

Ka zo ta'aziyya ka koma a gurguje, ni kuma ina fushi, ban ba ka saƙonka ba. Ka yafe mini.

Baba ya shuka geron a bayan ɗakina, inda nake wanke-wanke. Rami tara kacal, ya rufe da diddigensa. Damina guda yana zaune kan tabarma yana korar awaki da tsuntsaye. Kwana huɗu kafin rasuwarsa ya sa na tallabe shi, ya zaɓi zangarniya bakwai da hannunsa, ya ce a kai maka. Na ce masa a bene kake zaune, ko taƙin ƙasa ba ka da shi. Ya ce a dai ba ka, kai ne babba.

Ga su nan a ƙulle, direba zai kawo. Don Allah ka gaya wa Hajo ba na fura ba ne.

Taka har kullum,
Lailatu