Sitiyarin Motar Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya jikin Baba? Na ji daɗin labarin cewa hannun hagun ya fara riƙe kofi ba ya zubarwa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi tun ranar da hawan jinin nan ya kayar da shi. Mu nan ƙalau. Na zaɓi takarda ne saboda na san in na kira waya yana kusa da ke, kuma kunnensa dai ciwon bai taɓa shi ba.

Ki taya ni godiya, Allah Ya haɗa ni da masani. Akwai wani makanike a bayan layinmu na masu sayar da kayan mota, Injiniya muke ce masa, ko da yake takarda ɗaya da na taɓa gani a hannunsa ita ce wadda yake goge baƙin mai da ita. Mutum ne mai zurfin tunani. Duk abin da kamfani ya sa a mota don sauƙin ɗan Adam, shi a wurinsa lalaci ne. Da shi ya ƙera duniya, da matakala ba ta da abin dafawa.

Kin tuna Baba ya bar mini makullin motarsa in riƙa ɗumama ta kada batir ya mutu. To, ɗumamawar ta yi nisa. Wani inji ya shigo shagona, an ciro shi daga motar da ta yi hatsari, babba, lafiyayye. Injiniya ya ce zunubi ne a sayar da shi ga baƙo. Muka ɗora wa motar Baba, muka sa mata faffaɗan taya da salansa mai gurnani. Sai aka tarar sabon injin ya cinye wurin famfon sitiyari, wannan ɗan famfon da ke tura mai ya sa sitiyari ya yi laushi. Injiniya ko gezau. Ya ce dama shan ƙarfin inji yake yi, masu tsere duk cire shi suke yi, namiji yana so ya ji titi a tafin hannunsa. Ya tsiyaye man, ya haɗe bakin tiyo biyun da juna, ya sa gajeren bel. Famfon kuwa kafin azahar na sayar wa wani ɗan tasi. Kin san halin ƙaninki, kaya ba ya kwana.

A kan titi, Yaya, motar nan sai wanda ya gani. Amma a tsaye, ko wajen juyawa a ƙofar gida, kamar kana murɗa wuyan bijimi. Ni da nake da ƙarfina sai da gumi ya keto mini.

Kada ki gaya masa. Ni zan yi masa bayani da bakina ranar da ya dawo. Ki gaishe shi, ki gai da maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Ƙaninki na kasuwa.

*

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun huta gajiyar jinya. Kin tambaya ko Baba ya iso lafiya. Ya iso. Sauran labarin ne ba lafiya.

Da ya ga tayoyin ya ji ƙarar, na ce masa tsohon injin ne ya buga, na sa wanda na samu. Ya gyaɗa kai, har ya sa mini albarka. Na ce a raina maganar famfo sai gobe, in ya huta.

Gobe ta riga ni tashi. Na fito na same shi ya yi aski, ya sa rigarsa mai guga, ya ɗaura agogo, jikokinsa suna bayan mota da jakunkunansu. Zai kai su makaranta kamar da. Kin san tun da ya bar koyarwa wannan ne aikinsa, kuma ni da ke mun san ba don kofi yake matsa ƙwallon robar nan safe da yamma ba. Mai gashin ƙashi a asibiti ta ce masa ranar da ya iya juya sitiyari, ya warke.

Kin san ƙofar gidanmu, ga ƙunci, ga kwalbati a gaba. Dole ka murɗe sitiyari gaba ɗaya tun motar ba ta motsa ba. Da can da tafin hannu ɗaya yake yi, yana gaisawa da mai shagon da ke kallonmu. Ranar nan ya sa dama, ya ƙara da hagu. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya gyara zama, ya sake. Hancin motar ya ɗan karkata, ya je ya goga ginshiƙin ƙofa. Sai ya kashe inji.

Ina tsaye riƙe da ƙyaure, Yaya. Ni da zan iya sayar wa mutum tsohon kulocin mota har ya yi mini godiya, maganar tana kan harshena ta ƙi fitowa. Bai kalli sitiyarin ba, bai kalle ni ba. Hannunsa na hagu ya ɗaga yana dubawa, kamar kayan da aka cuce shi a kai. Ya ce, "Ashe daɗin baki likitocin nan suka yi mini." Ya zare makulli ya miƙo mini, ya ce motar ta zama tawa, in riƙa kai yaran.

Na karɓa. Wannan ne abin da nake so ki sani: hannuna bai yi rawa ba. Da farko kunya ce ta rufe mini baki, a gaban yara da mai shago. Amma akwai wani ɗan ƙaramin ɓarawo a cikina da ya ce ai ga mota ta zo da ƙafarta. Da kika ce a waya wataƙila alheri ne ya daina tuƙi, na ce miki haka ne. Ki yafe mini wannan ma.

Yanzu ya daina zuwa gashi. Ya ce ba zai ƙara wahalar da mutane ba. Ƙwallon robar tana hannun yara, jiya a kan rufin bayi na gan ta. Yana wuni a kujerar tsakar gida da rediyon da ba ya saurara. Matata, uwar yaran, ta san komai, tun da ta taɓa gwada fitar da motar ta kasa. Yanzu tana ajiye mini abinci kamar mai ajiye wa ɗan haya.

Ki yi mini addu'a, in ba za ki iya ba ki yi mini faɗa. Gaisuwa ga kowa.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na samu amsarki. Faɗan kika zaɓa, kuma ba ki rage komai ba. Kin ce in je in durƙusa in gaya masa. Na je har bakin ƙofar ɗakinsa, na ɓige da tambayarsa ko yana buƙatar batirin rediyo.

Abin da na iya shi na yi. Na bi layin masu kayan gwanjo rumfa rumfa har na samo famfo mai aiki da lantarki, wanda ba ruwansa da inji. Injiniya ya maƙala shi a bayan fitila, yana yi yana gaya mini ai ba mai hankalin da zai tuƙa mota ba famfo. Na dube shi, ya dube ni, ya ci gaba da ɗaure noti. Sitiyari ya dawo da yatsa ɗaya za ki juya shi.

Sai dai Baba ya rantse ba zai ƙara taɓa makulli ba. In na ce ya gwada, sai ya tambaye ni me ya canza. Don haka na sayi bandeji. Na naɗe hannuna na dama, na ce murfin inji ya faɗo mini na yi targaɗe. Da safe na tsaya ina nishi, yara sun makara, uwarsu ta shige ɗaki don kada a sa ta shaida. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ce a miƙo masa takalminsa.

Ya shiga, ya cije leɓe, ya tattara ƙarfinsa duka ya murɗa. Sitiyarin ya wulwula, saura kaɗan ya zuba su a kwalbati ta ɗaya gefen. Ya taka birki. Sai dariya, Yaya, irin wadda rabona da ji tun Inna tana raye. Ya fita da hannu ɗaya, ya ɗaga wa mai shago ɗayan. Da ya dawo, da kansa ya sa aka ɗauko tsani aka sauko da ƙwallon.

Ni na raka shi asibiti, shi ya tuƙa. Mai gashin ta yi masa faɗa. Ta ce zaman da ya yi ba motsi ya sandarar da ƙananan yatsunsa biyu, kuma ba ta yi alkawarin za su sake miƙewa duka ba. Shi ko a jikinsa. Ya gaya mata, ya gaya wa mai shago, ya gaya wa duk wanda ya tsaya, cewa targaɗen ɗansa rahama ce, da ban ji ciwo ba da ya mutu a kujera.

Ga inda nake yanzu. Kullum da safe kafin ya kai yara, sai ya kira ni ɗakinsa, ya kwance bandejin, ya lakato man zafi. Da hannun hagun yake murza mini, wai mu yi gashin tare. Ina jin yatsun nan biyu a lanƙwashe suna bin bayan hannuna, yana tambayata ko nan ne ke ciwo. Ina cewa nan ne.

Ki gai da maigidan da yaran. Baba ya ce in gaya miki da kansa zai tuƙo ya zo ya yi miki godiya.

Ƙaninki.

Na manta ban tambaye ki ba, ke da kika san jinya: hannun da babu abin da ya same shi, yaushe ya kamata ya warke?