Tulunan Baiwa

Gwadangaji, Birnin Kebbi
9 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga ɗalibina Munzali,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hanifa da yara. Ni ma lafiya, sai ciwon gwiwa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tsaya gaban manyan ofishinku na ce jar shinkafar tsibirin nan na ƙasa da Argungu iri tara ce. Aka yi dariya, aka ce tsufa ne. Yanzu ka aiko mini da rahoto in sa hannu, wai gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna iri ɗaya ce, ba abin adanawa.

Ba zan sa ba.

Ban ƙaryata na'urarku ba. Alamomin da ta karanta a jikin ganyen gaskiya ne. Amma ina kuka samo ganyen? Kun ɗebi shinkafa a rumbunan maza kuka shuka, kuka tsinka. Wannan ta ci da sayarwa ce, daga kasuwa irinta ya zo. Irin gado mata ke ajiye shi a tulu, su zuba toka, su liƙe bakin da laka. Wata tsohuwa, Baiwa, tulu tara gare ta. Akwai mai miƙewa ta bi ruwa in ambaliya ta zo, akwai mai jure fari, akwai wadda tsuntsu ba ya so. Kwana uku kuka yi a tsibirin, ba wanda ya yi sallama a ƙofar mace. Ni na koya maka aikin nan, Munzali, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Makon jiya na shiga kwalekwale da gwiwar nan tawa, da ambulan tara a aljihu, in karɓo ko cikin cokali ne daga kowane tulu, in biya kuɗin sabon gwaji da fanshona.

Ka gaida Hanifa. Rahotonka yana nan, ka aiko a ɗauka yadda ya zo.

Da na isa tsibirin, na tarar Baiwa ta rasu a watan jiya. 'Ya'yanta sun ji ma'aikatanku sun ce shinkafar ba wata aba ba ce, sai suka fasa tulunan, suka surfe, suka dafa sadakar bakwai. Ko ƙwaya ba ta rage ba.

Naka,
Malam Albashir Tamba